Daga Filin Ƙura Zuwa Kwantiragi: Yadda Na Raka Ɗan Yayata

Littafin rajista ne irin na makaranta, mai baƙin bango, irin wanda muke kiran sunan ɗalibai da shi. Na saye shi ne ranar da 'yan unguwarmu suka ɗora mini sakatarancin ƙungiyar ƙwallonmu, saboda ni malamin firamare ne, an san hannuna da biro. A ciki nake rubuta sunan kowane yaro, da na mahaifinsa, da ranar da ya fara zuwa atisaye, da duk wasan da ya buga. A shafi na tara akwai Auta, ɗan yayata, wanda ya zo mana yana ɗan shekara 13, ƙafa duk faso, sanye da takalmin gwanjo da muka samo masa a Ƙofar Wambai. Takalmin ya yi masa yawa, sai ya cusa tsumma a gaba kafin ya ɗaure igiya.

Filinmu ko tsinken ciyawa babu. Turakun raga bututun famfo ne da mai walda ya haɗa mana, layi kuwa da toka muke ja. Da an idar da La'asar sai ka ga mutane na gangarowa: masu adaidaita sahu su faka a gefe, mai rake ya kafa baro, dattawan majalisa su jawo benci. In hunturu ya shigo, ƙura kan turnuƙe har mai tsaron raga na can gefe ya zama kamar inuwa. A irin wannan fili na tashi, kuma har gobe ya fi mini daɗin kallo a kan na talabijin, domin a nan na san uban kowa, na san wanda ya zo fili bai karya ba.

Ina cikin waɗanda suka riƙa cika filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a kakar 2009/2010, lokacin da Ahmed Musa ya zura wa Kano Pillars ƙwallo 18. Mutane kan ce daga Pillars ya tafi Holan, daga nan Rasha, daga nan Leicester. Ba kasafai ake tuna cewa kafin Pillars akwai makarantar koyon ƙwallo ta GBS a Jos, akwai kuma ƙungiyar JUTH ba. Ni ma ban taɓa damuwa da waɗannan ƙananan matakan ba sai da abin ya shigo gidanmu.

Kocinmu, tsohon ɗan wasa ne da ciwon gwiwa ya zaunar tun da ƙuruciyarsa, shi ya fara matsa mana mu yi wa ƙungiyar rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. An sha gardama. Wasu suka ce ɓarnar kuɗi ce, ga gasar unguwanni nan ana cin rago da kofi ba tare da cike ko fom ɗaya ba. Shi kuwa ya tsaya kai da fata. Muka yi karo-karo, na karɓo fom, na bi gida-gida ina karɓar hoto bibbiyu da takardar haihuwa, duk wanda bai kai 18 ba kuma sai mahaifi ko waliyyi ya sa hannu. Wannan yawon ya ci mini kusan wata guda, don wani uban sai ka je sau uku kafin ya yarda cewa ba sayar da ɗansa za a yi ba. Da lasisin ya fito, kowane yaro da katinsa mai hoto, sai wasanmu ya canza kama. Kafin a take leda, alƙalin wasa zai jera yara ya riƙa duba kati yana duba fuska. Zancen ɗauko ɗan haya daga wata unguwa ranar wasan ƙarshe ya mutu murus. Mun sha kashi a shekarar farko, ba kaɗan ba, amma tun daga ranar sunan Auta ya shiga takardun hukuma da shekarunsa na gaskiya.

Lamba shida yake bugawa, wato ɗan tsakiya mai tsayawa a gaban 'yan baya. Ba shi da yanka mai tayar da 'yan kallo, kuma a shekara ba ya cin ƙwallo uku. Abin da koci ya nuna mini, wanda da kaina ba zan gani ba, shi ne wuyansa. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga hagu da dama sau biyu, don haka idan ta zo taɓawa ɗaya ce, ta wuce inda ya dace. Tun da aka nuna mini wannan na daina bin ƙwallo da ido in yana fili, shi nake kallo.

Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, saboda haka ni ne a kansa. Sharaɗin Yaya ɗaya ne: sai ya gama sakandare ya zana NECO. Ya zana, sakamako ya yi kyau daidai gwargwado. A watannin da suka biyo baya ne wani mutum ya fara zuwa filinmu, da mota mai baƙin gilashi da waya biyu a hannu. Ya kalli wasa uku bai ce uffan ba, ranar na huɗu ya ja ni gefe.

"Malam, yaron nan naka zinariya ne, sai dai shekarunsa sun yi gaba. A rage uku. In kai shi tantancewar 'yan ƙasa da shekara 17, daga nan sai Turai."

Ya ce zai nemo sabuwar takardar rantsuwar shekaru, a yi sabon fasfo, mu kuma mu kawo kuɗin biza da na jirgi. Ya buɗe waya ya nuna mini hotunansa da wasu Turawa a bakin wani filin wasa. Gaskiya maganar ta shige ni. Kwana biyu ina saƙa da warwara. Ina tuna ɗakin Yaya da ke yoyo duk damina, ina tuna ita da tukunyar awara tun asuba. Zuciya ta riƙa raya mini cewa ai kowa ma haka yake yi, me zai sa namu ya zama shi kaɗai ne mai gaskiya a kasuwa?

Na same ta bayan Isha'i tana tace waken suya. Na zayyana mata komai, ta bar ni har na dasa aya. Sannan ta wanke hannu, ta shiga ɗaki, ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta fito da ƙullin leda. Katin awonta ne da katin riga-kafin Auta, duk sun yi ja don daɗewa, ga ranar haihuwa nan da rubutun ungozomar asibiti. Ta ajiye a gabana ta ce, "Malam, ni na haife shi, ranar Talata da asuba, ana ruwa. Wace ranar kuma za ku ba shi?" Ban iya ce mata komai ba. Na naɗe katunan na mayar mata, na fito.

Washegari koci ya ƙarasa warware mini sauran. Tun 2009 FIFA take amfani da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki wajen duba wuyan hannun 'yan ƙasa da 17. Akwai wani guringuntsi a ƙarshen ƙashin hannu da yake haɗewa yayin da yaro ke girma, an kasa haɗewar mataki shida, wanda nasa ya kai na shida ya fita, ko da takarda ta ce jiya aka yaye shi. Ya tuna mini abin da ya faru a 2016, shekara guda bayan Golden Eaglets, 'yan ƙasa da 17 na Najeriya, sun ɗauki kofin duniya karo na biyar: 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwajin ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, har ta je gasar duniya a Indiya a 2017. Ya ƙara da abin da ya fi ɗaure mini kai game da maganar mai motar. Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan wasu dalilai da ba su shafe mu ba. Ashe Auta da shekarunsa na gaskiya ya fi kusa da ƙetare, a mayar da shi ɗan 15 kuwa an ƙara masa zaman jira na shekara uku ke nan. Ga kuma lambar NIN da takardar NECO da lasisinsa na jiha, duk rana ɗaya suke ɗauke da ita. Da zarar ya zama mutum mai ranar haihuwa biyu, duk wanda ya so tona masa asiri wata rana ya samu hanya.

Na kira mutumin na ba shi haƙuri. Wani yaro daga maƙwabciyar unguwa ya bi shi, iyayensa suka sayar da fili. Bizar ziyara ashe aka yi masa. Ya yi watanni a wata ƙasa yana kwana a ɗaki ɗaya da wasu samari bakwai, babu ƙungiyar da ta ko gwada shi, sai 'yan'uwa ne suka sake haɗa kuɗin dawo da shi. Har yanzu yana zuwa kallo filinmu, yana tsayawa can nesa bayan raga, ba ya shiga. Duk ranar da na gan shi sai gabana ya faɗi, don na san tazarar da ke tsakaninsa da namu ba ta wuce ƙullin ledar nan ba.

Hanyar da muka bi ta fi tsawo. Ƙwallon Najeriya hawa uku ne a sama da na jiha: NLO a ƙasa, sai NNL da aka raba Arewa da Kudu, sai Firimiya mai ƙungiya 20. Wata ƙungiyar NLO a nan Kano ta neme shi bayan ta gan shi a wasan sada zumunta. Na rubuta masa takardar sallama a madadin ƙungiyarmu, muka kuma rubuta 'yar yarjejeniya cewa in an sayar da shi gaba muna da kaso. Koci ya dage a kan wannan, don a tsarin FIFA ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma wanda sunansa ba ya cikin rajista ko sisi ba zai gani ba. A NLO babu albashi, sai ɗan alawus ranar wasa. Ana tara ƙungiyoyi a cibiya ɗaya a buga wasanni a jere cikin 'yan kwanaki, jiki ya gaya wa kowa. Kaka biyu ya yi a can, da rana yana taya wani ɗinki, da yamma atisaye.

Sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar NNL a wata jiha za ta yi tantancewa ta kowa-da-kowa. Na nemi izini a makaranta, muka hau mota a Unguwa Uku bayan Asuba, muka isa dab da Azahar.

Ban taɓa ganin samari masu neman abu ɗaya da yawa haka ba. Sun cika fili sun cika bakin titi, wasu daga Jos, wasu daga Maiduguri, wasu ma daga Kudu, kowa da jakarsa a baya da takalmi rataye a wuya. Aka ce a rabu bisa lamba. Layin masu cewa su 'yan gaba ne ya kai har bakin ƙofa, na lamba shida kuwa bai fi mutum ashirin ba. A nan na fara jin ɗan sanyi a raina. Tsarin shi ne a zuba sha ɗaya-sha ɗaya, a ba su minti ashirin, a busa, a zuba wasu. Minti ashirin, ga wanda ya yi shekara bakwai yana shiri. Masu horarwa uku na zaune a inuwa da takarda, wanda suka ga dama su tambayi lambar rigarsa.

Abin da na lura da shi, yawancin yaran kansu suke yi wa wasa. Duk wanda ƙwallo ta faɗo masa sai ya rungume ta, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, na uku ya ƙwace. Kafin mu taso koci ya ja kunnen Auta: "Kada ka yi yanka. Karɓa, bayar, koma gurbinka. Ka yi magana su ji muryarka." Haka ya yi. Na ƙirga da yatsa, sau goma sha ɗaya ya taɓa ƙwallo, ɗaya ce ta ɓace. Ana busa tashi, ɗaya daga masu horarwar ya ɗaga hannu ya ce, "Kai mai shida, zo nan."

Masauki kuwa Allah ne ya haɗa ni da wani malami ɗan'uwana a sana'a, ya buɗe mana aji a wata islamiyya muka shimfiɗa tabarma. Da yawa a masallacin tasha suka kwana. Abincinmu garau-garau da ruwan leda, da safe shayi da burodi. Kullum da yamma sai a fito da takarda a karanto sunayen waɗanda za su dawo gobe, sauran su kama hanya. Wannan karatun suna shi ne abu mafi nauyi da na gani a tafiyar. Fili ya yi tsit, kana jin numfashin na kusa da kai. Akwai wani yaro mai buga lamba goma, siriri, wanda a ganina ya fi kowa a wurin, ba a kira shi ba a rana ta biyu, alhali an kira wasu da kowa ya ga da katin wani babba suka zo. Ya zauna a ƙasa yana kwance igiyar takalmi a hankali, ya daɗe bai gama ba. Kuɗin motar komawa ma ba shi da shi, sai da muka haɗa masa. Har yau ina jin ciwon abin, kuma ina ganin duk ƙungiyar da ke yin haka kanta take cuta kafin kowa.

Rana ta huɗu aka haɗa waɗanda suka rage da tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar. Nan ne gizo ke saƙar, domin su tsofaffin abincinsu suke karewa. Minti biyar da farawa kyaftin ɗinsu, wani ƙaƙƙarfa mai gemu, ya ɗauke Auta da ƙafa biyu, har ƙura ta tashi. Na miƙe tsaye ban sani ba. Yaron ya tashi ya karkaɗe wando, bai ko kalli alƙalin wasa ba, ya koma gurbinsa. Can aka jefo wa kyaftin ɗin ƙwallo, kafin ta sauka Auta ya riga ya karanta, ya shiga gabansa ya tsinke ta, ya miƙa wa na gefe. Da aka tashi, kyaftin ɗin da kansa ya zo ya dafa masa kai. Da yamma aka kira mutum tara. Shi ne na bakwai. Ya juyo yana nemana cikin jama'a, bakinsa na rawa, abin da ya iya cewa kawai, "Kawu."

Na ɗauka an gama, ashe aikina ne ya fara. Da farko na kai shi asibiti da kuɗina aka yi masa gwajin zuciya, ban tsaya ga awon da ƙungiya ta yi ba. Tun da Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Lafiya a watan Maris na 2020, ya rasu, na yi wa kaina alkawarin ba zan bar nawa ya shiga babbar gasa ba a duba ƙirjinsa ba. Sakamako ya fito lafiya ƙalau.

Sai kwantiragi. Shafi huɗu ne da Turanci, aka miƙo masa da biro a ce ya sa hannu a nan take. Na ce wa sakataren, "Ranka ya daɗe, a ba mu zuwa gobe." Bai ji daɗi ba, amma ya bayar. Da daddare na ɗauki hoton kowane shafi na tura wa wani abokin karatuna lauya, muka bi shi layi-layi ta waya har sha biyu ta gota. Shekara biyar suka rubuta, wato iyakar abin da doka ta yarda, gurbin albashi kuwa an bar shi fari. Babu kuma inda aka ce wa zai biya magani in ya ji rauni. Da safe na koma da abu uku: a mayar da shi shekara biyu, a rubuta albashi da lamba da kuma kalmomi, a sa maganar jinya. Aka yi ta ja-in-ja, aka shiga ofis aka fito, a ƙarshe suka yarda da shekara biyu da albashin, jinya kuma aka rubuta ta da hannu a ƙasa kowa ya sa hannu a gefe. Abokina ya kuma sanar da ni cewa a dokar FIFA, in aka riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, yana iya rubuta takardar gargaɗi ta kwana 15, in ba a biya ba ya tafi abinsa. Na sa Auta ya haddace wannan. Da aka ce mu tafi za a aiko mana da kwafinmu daga baya, na zauna a bencin bakin ofis har La'asar, sai da na karɓa na sa a jaka.

Saura takardar sallama daga ƙungiyarsa ta NLO, ga wa'adin rajista na ƙaratowa. Shugaban ya ce sai an ba shi kuɗi masu kauri. Sabuwar ƙungiya ta ce ba ta da su. Mako biyu ina zarya tsakanin gidansa da shagonsa, sai da koci ya ɗauko wani dattijo da shugaban ke jin nauyi, muka je tare bayan Magariba. Aka daidaita a kan kaso in an sayar da shi gaba, da ƙwallaye da riguna a yanzu. Ya sa hannu ana saura kwana uku a rufe.

A farkon 2024, muna gidan kallo ana gasar Afirka ta Kwaddebuwa, yaran unguwa suna ta ihu duk sanda aka nuno Zaidu Sanusi ɗan Jega ko Alhassan Yusuf ɗan Kano. Ni kuwa ina kallonsu ina tunanin wa ya bi gida-gida ya karɓi hotonsu, wa ya zauna musu a bencin ofis. Akwai shi, ko da ba mu san sunansa ba.

Wasan Auta na farko na je. Wasa huɗu ya yi a benci kafin ranar. Aka sako shi a minti na 70 an ci su ɗaya, ya karɓi katin gargaɗi bayan minti shida a kan wani ƙeta da ya zama dole, suka farke dab da tashi, aka tashi ɗaya da ɗaya. Na fito da baƙin littafin a kan gwiwata, shafi na tara ya riga ya cika har gefe, na liƙa wata takarda na rubuta rana da sakamako da mintunan da ya buga.

Muna cikin motar dawowa, an wuce da Magariba, wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Na fara ba ta labarin katin da yadda aka farke, ta katse ni.

"Malam, ya ci abinci kuwa?"